Har Bagade Yakan Zubar da Hawaye

Ni 'yar mai bishara ce, kuma ma'aikaciyar jinya. A gidanmu ba a kwanciya sai an buɗe Littafi Mai Tsarki, amma wurare kaɗan muke kewayawa a cikinsa: Linjila huɗu, wasiƙun Bulus, sai Zabura in wani ba shi da lafiya. Farawa da Fitowa don labarai muke shigarsu. Da an iso Littafin Firistoci sai a tsallake, Baba ya ce wannan shari'a ce, mu kuwa 'ya'yan alheri ne. Abin da na sani game da Yahudawa bai wuce abu ɗaya ba: su ne suka ƙi Yesu. Da wannan na girma, na yi baftisma, na shiga ƙungiyar mawaƙa, na yi aure.

Ba a daɗe da auren ba jini ya fara yi mini yawa. Aka duba aka ce ƙari ne a mahaifa. Ni da nake ɗaura wa wasu jini a asibiti, sai ga ni a kan gado ana ɗaura mini. Ciki ya ƙi samuwa, wanda ya samu bai zauna ba. Mijina ya yi haƙuri iyakar nasa, daga nan ya rage magana, daga nan ya ce in tattara kayana. Iyakar abin da zan faɗa a kansa ke nan.

Abin da ya biyo baya ya fi sakin ciwo. Masu zuwa yi mini jaje da ayoyi biyu suke zuwa: Malakai 2:16, inda Ubangiji ya ce yana ƙin saki, da Matiyu 19, abin da Allah ya haɗa kada mutum ya raba. Ni ake karanta wa, don shi ya daina zuwa sujada, ba mai samunsa. Wata dattijuwa ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, ki binciki kanki. Ciwon da ya ƙi jin addu'a, akwai abin da ke ƙarƙashinsa." Na san ba da mugun nufi ta faɗa ba. Amma tun daga ranar na rufe Littafin. Ina zuwa sujada, ina waƙa, a gida kuwa ba na taɓa shi, don duk inda na buɗe tuhuma nake ji.

Wadda Allah ya turo mini gwauruwar wani tsohon fasto ce da nake zuwa gida ina wanke mata gyambon ciwon suga. Wata rana ta nuna mini akwatin littattafan marigayin ta ce, "Kwashe su, 'yata. 'Ya'yana ba mai buɗewa." Na ce, "Mama, ni da ko nawa ba na buɗewa?" Ta ce, "Shi ya sa na ce ke."

A cikin akwatin har da Littafi Mai Tsarkin da yake wa'azi da shi, gefen kowane shafi cike da rubutun fensir. Na nufi Matiyu 19 kai tsaye, in ga shi kuma me ya ce a kan ire-irenmu. A gefen aya ta 3 ya rubuta: "Hillel da Shammai. Duba Mishna, Gittin 9:10." Ban taɓa jin ko ɗaya daga cikin sunayen nan ba. Na nema a waya, na faɗa wani ɗakin karatu na intanet mai suna Sefaria, inda aka zuba littattafan Yahudawa kyauta tare da fassarar Turanci.

Mishna tarin koyarwar baka ce ta malaman Yahudawa a kan yadda ake kiyaye Attaura. Rabbi Yahuda HaNasi ne ya tattara ta a Galili wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu, manyan sassa 6, littattafai 63. Talmud kuma doguwar muhawara ce da malaman baya suka yi a kanta, na Babila ya kammalu wajen ƙarni na 6. Gittin shi ne littafin da ya shafi takardar saki. A ƙarshensa malaman suna gardama a kan Maimaitawar Shari'a 24:1, inda Musa ya ce in mutum ya sami wani abin kunya ga matarsa, ya rubuta mata takarda ya sallame ta. Almajiran Shammai suka ce ba a saki sai a kan lalata. Almajiran Hillel suka ce ko abinci ta ɓata masa, ya isa dalili. Rabbi Akiba, wanda ya zo bayansu, ya ce ko da wadda ta fi ta kyau ya gani.

Hillel da Shammai, manyan malaman Yahudawa biyu, sun yi zamani dab da Yesu, almajiransu kuwa suna nan a lokacinsa. Sai na sake karanta tambayar da Farisiyawa suka yi masa: ya halatta mutum ya saki matarsa a kan kowane irin dalili? Ashe shekarun nan duk, ina kamar wadda ta shigo gida ta tarar 'yan'uwa na tsakiyar gardama, ta ji maganar mutum ɗaya ta yanke hukunci. Maza ne ke tambayar namiji iyakar ikon namiji. Yesu ya mai da su Farawa, inda biyu suka zama jiki ɗaya, ya ce saboda taurin zuciyarku Musa ya bar ku ku saki matanku. Kuma dubi waɗanda maganar ta girgiza: a aya ta 10 almajiransa ne, maza, suka ce in haka ne gara kada a yi auren. Hannun mai kora aka ɗaure a wannan sura. Ni kuwa korarriya ce.

Na bi sharhin Talmud har shafinsa na ƙarshe, Gittin 90b. A nan wani malami, Rabbi Elazar, ya ce duk wanda ya saki matarsa ta fari, har bagade yakan zubar da hawaye a kansa. Hujjarsa kuwa Malakai 2:13-14, ayoyin da ke saman wadda aka yi ta karanta mini. Na buɗe na karanta daga aya ta 13. Annabin da maza yake magana. Yana ce musu Ubangiji ba ya karɓar hadayarku, don shi ne shaida tsakaninka da matar ƙuruciyarka wadda ka ci amanarta. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da na bar gidan.

Wani zai ce ai wannan yana rubuce a Malakai, ba sai da Talmud ba. Gaskiya ne. Amma na sha wucewa ta wurin ban gani ba, masu karanta mini ma ba su gani ba. Malaman nan ba sa ɗaukar aya su gudu da ita. Sai sun tambaya wa ke magana, da wa ake yi, me ya sa aka faɗe ta haka ba haka ba, kuma sukan rubuta ra'ayin wanda aka kayar a gefen na wanda ya yi nasara. Ba waliyyai na mai da su ba, don ra'ayin gidan Hillel ne ya zama doka, kuma sai wajen shekara ta 1000 aka kafa dokar da ake jingina wa Rabbi Gershom na birnin Mainz a Jamus, wadda ta hana sakin mace ba da yardarta ba a tsakanin Yahudawan Turai. Matansu ma sun sha nasu.

Daga nan na shiga Littafin Firistoci, sura ta 15, saboda matar nan ta Markus 5 da ta shekara 12 tana zubar jini. Dokar ba ta da sauƙi: muddin jinin na zuba ita marar tsarki ce, haka gadonta da abin da ta zauna a kai, wanda ya taɓa su kuma sai ya yi wanka ya jira maraice. Amma da na karanta sauran surar da surorin da ke kewaye sai na ga mai jego ma marar tsarki ce, haka namijin da maniyyi ya fita daga jikinsa, haka wanda ya taɓa gawa bisa ga Littafin Ƙidaya 19. A wurin Yahudawa kuwa binne mamaci yana cikin manyan ayyukan jinƙai. Wanda ya binne mahaifinsa ya rasa tsarki na kwana 7, kuma daidai ya yi. Wato rashin tsarki hali ne na jiki da ke hana mutum kusantar Haikali har sai ya tsarkaka, ba zunubi ba ne. Maganar dattijuwar nan da ta daɗe a ƙirjina, a Littafin Firistoci na sauke ta.

Talmud, a Shabbat 110, har jera magungunan da ake ba irin wannan mace ya yi. Akwai albasar Farisa da ake dafawa cikin ruwan inabi. Akwai wanda za a zaunar da ita a mararraba da ƙoƙon ruwan inabi a hannu, wani ya lallaɓo ta baya ya firgita ta. Na yi dariya, don ni ma ba abin da ban sha ba, da ilimina da komai. Markus ya ce ta sha wuya a hannun likitoci da yawa, ta kashe duk abin da take da shi, ciwon sai ƙaruwa. Luka, da yake likita ne, cewa kawai ya yi ba wanda ya iya warkar da ita. Mu ma'aikatan lafiya mun iya rufa wa juna asiri tun ba yau ba.

Matiyu da Luka sun ce gezar mayafinsa ta taɓa. Masana da yawa suna ganin tuntayen nan ne da Littafin Ƙidaya 15:38-39 ya umarci Isra'ilawa su sa a kusurwoyin tufafinsu, da zare shuɗi, don in sun gani su tuna da umarnan Ubangiji. Wannan ya tsaya mini a rai. Yesun da na girma ina jin ya zo ya kawar da shari'a, ashe yana yawo da alamarta a bakin mayafinsa. Luka 4:16 ya ce shiga majami'a ran Asabar al'adarsa ce. Da aka tambaye shi umarni mafi girma, a Markus 12:29, da kalmomin da kowane Bayahude mai ibada ke faɗa safe da yamma ya fara: ku ji ya Isra'ila, Ubangiji Allahnmu Ubangiji ɗaya ne. Kuma wannan Bayahuden ne ya tsaya cikin taro, shugaban majami'a na jiransa da 'yarsa a bakin mutuwa, ya nemi matar har ya same ta, ya kira ta 'yata.

Sai Hannatu. Mu mun san ta a matsayin wadda ta yi haƙuri Allah ya ba ta Sama'ila. A Talmud, Berakot 31, malamai sun mai da ita malamar addu'a. Daga 1 Sama'ila 1:13 suka koyi cewa mai addu'a ya tattara zuciyarsa, leɓunansa su motsa, kada ya ɗaga murya, kuma kada ya yi ta a buge. Labarinta ake karantawa a majami'u ranar farko ta sabuwar shekararsu, Rosh Hashana. Sun kuma faɗi abin da suke ganin ta ce wa Allah a ranar: duk abin da ka halitta a jikin mace ba ka yi shi a banza ba, ido don gani, kunne don ji, hannu don aiki, ƙafa don tafiya, to, wannan nonon da ka sa mini a ƙirji fa, na mene ne, in ba don shayarwa ba? Ba ni ɗa in shayar.

Na karanta na ce, ana yi wa Allah irin wannan magana? An koya mini addu'a godiya ce da "nufinka za a yi", abin da ya wuce haka gunaguni ne. Amma ga Ibrahim a Farawa 18:25 yana tambayar Mai shari'ar dukan duniya ko ba zai yi adalci ba. Ga Zabura 88 da ta ƙare cikin duhu ba tare da kalmar ta'aziyya ko ɗaya ba. Ga Ubangijina a kan gicciye yana ɗaga Zabura 22, ya Allahna, don me ka yashe ni. Daren nan na faɗa wa Allah duk abin da ke cikina, ban tace ba. Na tambaye shi mahaifar da ba ta riƙe ɗa sai jini, ta mece ce.

Masu jiran su ji na haifi Sama'ilana, ku yi haƙuri. Tiyata aka yi aka cire mahaifar, jinin ya tsaya, na samu lafiya. Ba ni da ɗa, ban kuma sake aure ba. Abin da na samu shi ne bakin magana da Allah, wanda dā na rasa.

Bayan na murmure na samu tafiya ziyara ƙasar Isra'ila tare da wasu masu bi. A Magadala mun ga majami'ar ƙarni na farko da aka tono a 2009. A Urushalima mun zauna a matakalan tafkin Siluwam da aka gano a 2004, inda Mishna ta ce a Idin Bukkoki firist kan ɗebo ruwa a tulun zinariya ya kai bagade ya zuba, ana busa ƙaho. A ranar ƙarshe ta wannan idin ne Yesu ya miƙe ya ce mai jin ƙishi ya zo gare shi ya sha. Jagoranmu dattijo ne Bayahude mai ibada, tuntayensa na leƙowa ta ƙasan riga. A gidan tarihin da ake ajiye naɗaɗɗun littattafan Tekun Gishiri, gaban kwafin littafin Ishaya da aka samu a kogon Kumran a 1947, wanda ya girmi haihuwar Yesu da fiye da shekara 100, na kasa haƙuri na ce, "Baba, ku da kuka san littafin nan haka, sura ta 53 fa, mai maganar bawan Ubangiji da aka kai mayanka, ba Yesu ba ne?"

Bai ji haushi ba, da alama ya saba. Ya ce, "'Yata, karanta 41:8 da 49:3. Bawan nan an faɗi sunansa, Isra'ila ne. Haka Rashi ya karanta, babban mai sharhinmu na birnin Troyes a Faransa da ya rasu a 1105. Kuma wace al'umma aka kai mayanka kamar tamu?" Na ce amma a 49:5-6 aikin bawan shi ne ya komo da Yakubu ga Allah, ta yaya Isra'ila zai komo da Isra'ila? Ya ce tambaya ce mai kyau, malamansu ma sun yi ta. Shi da kansa ya faɗa mini tsohuwar fassarar Aramiya ta ce "bawana Almasihu" a 52:13, kuma Talmud a Sanhedrin 98b ya ɗora 53:4 a kan Almasihu. Sannan ya juyo da tasa: in Almasihu ya riga ya zo, ina salamar Ishaya 2:4, inda za a mai da takuba garemani? Na ce zai dawo ya cika ta. Ya yi murmushi ya ce, "To, in ya iso sai mu tambaye shi ko ya taɓa zuwa." Bai ja ni ba, ban ja shi ba. Amma ban taɓa tattauna Ishaya da wani Kirista har muka kai zurfin nan ba, kuma hakan abin kunya ne gare mu.

Ranar da muka shiga Yad Vashem, gidan tunawa da Yahudawa miliyan 6 da 'yan Nazi suka hallaka, na fahimci abin da yake nufi da mayanka. Daga baya na karanta yadda Martin Luther, wanda muke girmamawa, ya yi rubutu a 1543 yana cewa a ƙone majami'unsu, da yadda sai a 1965 Cocin Katolika ta fito fili ta ce ba za a ɗora mutuwar Yesu a kan dukan Yahudawa ba, na dā ko na yanzu. Alhali Bulus ya riga ya gargaɗe mu a Romawa 11: mu rassan zaitun na jeji ne da aka ɗaura, ba mu ke ɗauke da saiwa ba, saiwa ce ke ɗauke da mu, kuma Allah ba ya janye baiwarsa da kiransa. Farisiyawan ma da muke yi wa kuɗin goro, a cikinsu akwai Nikodimu, akwai Gamaliyel da ya ceci manzanni a majalisa, akwai waɗanda suka zo suka gargaɗi Yesu cewa Hirudus na neman ransa a Luka 13:31. Bulus kansa, bayan shekaru yana wa'azin Almasihu, ya tsaya a gaban majalisa ya ce ni Bafarisiye ne.

Akwai inda na tsaya. Mishna ta zo shekara kusan 170 bayan gicciye, ba duk abin da ke cikinta za a kwasa a mayar zamanin Yesu ba, kuma masu wa'azin da ke yin haka ba taka-tsantsan suna ba ni tsoro. Ban fara yafa mayafin addu'ar Yahudawa ko busa ƙaho ba. Ayyukan Manzanni 15 ya riga ya yanke cewa mu al'ummai ba a ɗora mana wannan ba, kuma ban ga mutunci a kwashe ibadar wasu a mai da ita ado ba. Karatun nan kuma bai shafi goyon bayan wata gwamnati ba. A Baitalami da Kiristoci Falasɗinawa na yi sujada, 'yan'uwana ne cikin Ubangiji.

Inda muka rabu da Yahudawa na fi ganinsa sarai a Ranar Kafara, ranar da suke neman gafarar zunubai sau ɗaya a shekara. Da Romawa suka rushe Haikali a shekara ta 70, hadaya ta tsaya. An ruwaito cewa wani almajiri ya dubi kangon ya yi kuka, ya ce wurin da ake kafarar zunuban Isra'ila ya rushe, sai malaminsa Yohanan ben Zakkai ya ce suna da wata kafarar, ayyukan jinƙai, ya kawo Yusha'u 6:6, jinƙai nake so ba hadaya ba. Ayar nan Yesu ya ambace ta sau biyu a Matiyu, a 9:13 da 12:7. Su suka riƙe tuba da addu'a da sadaka. Mu muka riƙe cewa an riga an miƙa hadayar da ba za a maimaita ba.

Na haddace Ibraniyawa 9:12 tun ina yarinya, amma sai da na karanta Firistoci 16 tare da littafin Yoma na Mishna na san nauyin abin da nake faɗa. Kwana 7 kafin ranar ake raba babban firist da gidansa. Daren ranar ba a barinsa ya yi barci, ana karanta masa Ayuba da Ezra da Tarihi, in ya fara gyangyaɗi matasan firistoci su kaɗa masa yatsa. Ya shiga bayan labule da turare, ya shiga da jinin bijimi saboda zunubinsa da na gidansa, ya sake shiga da jinin bunsuru saboda jama'a. In ya fito daga ƙona turaren, addu'arsa gajeriya ce, don kada mutanen da ke jira a waje su tsorata su ɗauka ya mutu. Da yamma ya yi wa abokansa biki don ya fita lafiya. Baɗi kuma a sake duk wannan daga farko. Marubucin Ibraniyawa da masu karatunsa sun san wannan rana ciki da waje lokacin da ya rubuta musu cewa Almasihu ya shiga Wuri Mafi Tsarki sau ɗaya tak, ba da jinin awaki da 'yan maruƙa ba, da nasa jinin.